Kiɗan Wutar Baba Kumai

"Kashe shi, Malam! Kashe shi kafin ya kashe ni."

Malam Silvanus ya yi wuf ya ɗaga allurar garmaho, kiɗan ya yanke. Baba Kumai ya saki sarƙoƙinsa biyu suka zube a ƙasa, ya dafa gwiwoyi yana tari, irin tarin nan da ake jinsa tun daga bakin titi. Ko wuta ba a kunna ba tukuna, gwaji ne kawai da busassun tsummoki, amma ga shi sarƙa ɗaya ta nannaɗe masa wuya har ta ƙuje shi a bayan kunne.

Bernice, wadda duk unguwar Relwe ke kira Maman Hellen, tana zaune a kujerar tsuguno ta rafka tagumi. Faifai na bakwai ke nan da aka gwada tun la'asar.

"Baba, wannan fa sabon fitowa ne," in ji Malam Silvanus, malamin firamare mai garmaho ɗaya tilo a layin. "Daga Legas aka kawo mini. Ko a Jos shi ake rawa yanzu."

"To, su yi ta rawa. Kiɗan nan ba shi da ƙofa."

"Ƙofa kuma?"

"Wurin wucewa mana. Inda hannu zai bi ta bayan wuya da wutan. Meshak yana bar mini ƙofa. Wannan kuwa sai gudu kamar an biyo shi."

Malam ya dubi Bernice, Bernice ta dubi dutsen Kagoro da ke can tsaye, rana tana shafa masa ja a kafaɗa. Saura kwana shida.

Ga yadda abin yake. Shekara talatin Kumai ya yi yana fayaman a jirgin ƙasa, yana ɗiban kwal da shebur yana watsawa cikin inji, daga Kafanchan zuwa Jos, daga Kafanchan zuwa Makurɗi. A can loko, rumfar da ake ajiye injinan jirgi, ya fara wasan tun yana saurayi: ya ɗaura tsumman goge inji a bakin sarƙa, ya tsoma a kananzir, ya kunna, ya dinga juyawa don abokan aiki su yi dariya. Wasa-wasa abu ya zama al'ada. Kowace shekara, washegarin Kirsimeti da magariba, duk gari sai ya hallara a filin ƙwallo na kusa da tasha a ga Kumai a tsakiyar zoben wuta, abokinsa Meshak yana ba shi ganga. To, Meshak ya rasu da daminar da ta wuce. Kumai kuma likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce ƙurar kwal ta gama da huhun. Shi da kansa ya ce bana ce ta ƙarshe, kuma sai ya yi. Kiɗa ne babu.

Bernice ba ta taɓa zuwa kallon wasan ba, ko sau ɗaya. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma rabin shekarun nan faɗa suka yi: warin kananzir yana shiga mata miya, awakinsa suna cin mata rama, akwai ma shekarar da tartsatsi ya kama jinkar ɗakin girkinta. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, marigayi mijinta Obadiah dattijon ikilisiya ne. Ina ita ina wasan wuta? Amma da Regina, 'yar Kumai mai aikin jinya, ta shigo ta durƙusa mata, sai Bernice ta kasa cewa a'a.

"Mama, ke kike da kunne a unguwan nan. In aka ba shi kiɗan da bai dace ba, wutan zai kama shi a gaban mutane. In kuma aka hana shi, baƙin ciki zai riga ciwon. Ki taimake ni."

"Ubanki taurin kai gare shi kamar ƙarfen dogo," in ji Bernice. Ta kuwa ɗauki mayafinta.

Bayan garmaho, ta kawo masu badujalar makaranta. Da aka busa begila, Kumai ya ce shi ba soja ba ne. Ta je har kasuwa ta roƙo Nuru, makaɗin mahauta, wanda kalangunsa ke sa mutum sayen naman da bai yi niyya ba. Nuru ya zo da mutunci, ya zauna a inuwar mangwaro ya kaɗa abin da ko gurgu sai ya motsa. Kumai ya juya sarƙa sau uku ya tsaya cak.

"Malam Nuru, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Amma kalangunka magana yake yi. Ni kuma in ana magana sai na tsaya na ji."

Nuru ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce tunda yake ba a taɓa korarsa da yabo irin wannan ba.

Daga ƙarshe Bernice ta ɗauko tulun zumunta da kanta, wanda ake bugun bakinsa da matashi ya ba da murya mai zurfi. Ta buga masa a hankali, irin na waƙar jana'iza. Kumai ya lumshe ido, sarƙoƙin suka tashi, suka zaga, suka zaga. Sai ya girgiza kai.

"Ya yi kusa, Maman Hellen. Ya yi kusa ƙwarai."

"To faɗa mini yadda yake mana! Ka rera da baki."

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da sarƙa, tsoho da furfura yana kunya kamar yaron da aka kama a gonar rake. Haushi ya kama ta, ta ɗauki tulunta ta fice. Amma a ƙofa ta ji tarin ya sake tashi, sai tausayi ya danne haushin, har idonta ya kawo ruwa.

Washegari da hantsi ta tafi gidan Afiniki, matar marigayi Meshak, ko Allah zai sa ta riƙe wani abu na kiɗan mijinta. Ta same ta a tsakar gida tana tsaga ɗanyar citta tana shanyawa a kan tabarma, ƙamshin ya cika ko'ina. Gangar Meshak tana rataye a bango, fatar ta saki.

Da Bernice ta gama bayani, Afiniki ta ajiye wuƙa ta zuba mata ido. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tana dukan cinya.

"Yesu mai ceto! Ke da gaske ba ki sani ba?"

"Na san me?"

"Kiɗan ai ba na Meshak ba ne. Naki ne."

"Afiniki, ban zo wasa ba."

"Turminki, Maman Hellen! Shekaran da kuka tare a gidanku, Kumai ya zo da asuba ya ja mijina daga kan gado, ya ce zo ka ji wani abu. Ya kai shi gindin katanganku ya zaunar. Ke kina can kina surfen acca. Ki buga uku, ki cilla taɓarya sama, ki tafa hannu, ki cafe. Ya ce wa Meshak, ka ji wurin da ta bari? Nan ne hannuna zai wuce. Sati biyu mijina yana zuwa koyon darasi a gindin katanga kamar ɗan aji ɗaya. Shi kuwa Kumai kullum da safe da turminki yake gwaji, sarƙa ba wuta."

Bernice ta zauna a gefen tabarmar. Can ta ce, "Me ya hana su faɗa?"

"Su faɗa wa wa? Baban Hellen yana dattijo, a ce matansa ne ke ba mai wasan wuta kiɗa? Da an kira ku gaban kwamiti. Suka rantse ba za su faɗa ba. Ni ban rantse ba."

A hanyar komawa Bernice ba ta san ta inda ta bi ba. Ta ga kanta tana budurwa a ƙauyensu Madakiya, su huɗu a kan turmi ɗaya a gindin ɗorawa, taɓare suna tashi sama suna kama hasken safiya, ita ce mai cillawa mafi nisa. Ta tuna safiyoyin gidan aure, goyo a baya, Obadiah yana karanta Littafi a ɗaki, ita tana daka tana tunanin abin da za a ci. Ashe duk safiyoyin nan, taku uku daga inda take tsaye, akwai mutum yana juya ƙarfe a iska yana bin hannunta, shi da take zagi saboda awaki. Wani tsohon injin kwal yana jan tarago a tasha, yana huci a hankali, irin waɗanda ake ta kwashewa ana kawo na dizal. Ta tsaya a bakin dogo har ya wuce, tana jin kunya da daɗi a haɗe, ba ta san wanda ya fi yawa ba.

Sai kuma ta tuna. Shekara biyu ke nan rabonta da taɓarya. Kafaɗar dama ta ƙi, surukarta Emilia ce ta karɓi dakan, ita kuwa Emilia daka take kamar tana jin haushin turmin. Ke nan Kumai ya rasa turmi tun kafin ya rasa ganga, kuma bai ce uffan ba.

Tana isa gida ta wuce gindin katanga.

"Baban Regina!"

"Na'am," muryar ta zo daga can baya, a shaƙe.

"Ɓarawo."

Sai ta ji 'yar dariya, tari ya biyo baya.

"Afiniki ne ko? Matan nan bakinta ba ya riƙe ruwa."

"Shekara ashirin kana satar mini daka, ko mudun acca ba ka taɓa aiko mini ba. Tashi ka ɗauki sarƙarka."

Ta sa Emilia ta mirgino turmin zuwa inda yake a da, ta zuba acca, ta yayyafa ruwa. Taɓaryar ta yi mata nauyi kamar ba tata ba. Ta buga ɗaya, biyu, uku, ta cilla, ta tafa. Daga bayan katanga ta ji wani siririn fito, ƙarfe yana yanka iska, daidai cikin tafin. Ikon Allah! Sautin nan ta sha jinsa shekara da shekaru, ta ɗauka wani tsuntsu ne a kan mangwaro.

A cilli na biyar kafaɗar ta soke ta. Taɓarya ta kuɓuce, ta daki bakin turmi ta faɗi, acca ta watse. A can baya aka ji sarƙa ta sarƙe, aka ji nishi.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Da da wuta ne, da yanzu Regina tana neman ruwa. Bari kawai, Maman Hellen. Mun tsufa, ni da ke."

"Kai ka tsufa. Gobe da asuba ka fito."

Kwana huɗu suka yi a haka. Emilia tana gasa mata kafaɗa da ruwan zafi tana shafa man kaɗanya, tana mita, "Mama, za ki karya kanki saboda wasan wani." Bernice kuwa ta ci gaba da dakanta. Ta gane cewa in ta rage tsayin cillin, kafaɗar tana ɗauka, amma ƙofar sai ta ƙuntata. In ta cilla sosai, ƙofar ta buɗe, amma cafewar sai Allah. Shi kuma kullum hannunsa ƙara nauyi yake, ƙofa mai faɗi yake bukata. Ran Kirsimeti a coci tana ba da waƙa, amma ƙafarta uku take bugawa ta tsaya.

Washegari Kumai ya kasa kaiwa ko bakin titi. Regina ta riƙo shi, suka yi taku goma, ya zauna a kan dutsen ƙofar gida yana haki. Bernice ta ce to a ɗauko amalanke, a kai shi filin, a kai turmin.

"A'a," in ji shi. "Ni ban taɓa ganin kina daka ba. In na gani zan rikice. Ta katanga na san shi. Ki tsaya wurinki, in tsaya wurina."

Haka fili ya taso ya zo gida. Kafin rana ta faɗi, tsakar gidan Kumai ta cika, samari sun hau mangwaro, mata sun jeru a ƙofa da kayan Kirsimeti, 'yan relwe tsofaffi sun zo da kujerunsu. Nuru ya zo ba kalangu. Malam Silvanus ya zo ba garmaho. Gidan Bernice kuwa ba kowa sai ita da turmi, don har Emilia ta kora ta ce ta je ta yi kallo.

Sama ta yi ruwan toka-toka, jemagu sun fara fita. Warin kananzir ya tsallako katanga, warin nan da ta yi shekaru tana tsinewa. Ta ji ƙyastin ashana, ta ji taron ya ja numfashi. Haske ya taso ya lashi ganyen mangwaro.

"Maman Hellen," ya ce, ba da ƙarfi ba. "A ba ni."

Ta ce, "Ya Ubangiji, riƙe mini kafaɗan nan," ta ɗaga taɓarya.

Ɗaya, biyu, uku. Ta cilla. Tana ɗaga kai don ta bi taɓaryar da ido, sai ga wuta ta ɓullo a saman katanga, ta zana baka ja a sama, ta nutse. Ta tafa, ta cafe. Ɗaya, biyu, uku. Wata ta ɓullo daga ɗaya gefen, ta bi sawun 'yar'uwarta. Abin da take iya gani ke nan, rabin zobe, sauran yana can wurin mutane. Amma rabin nan ya ishe ta. Duk sanda taɓaryarta ta tashi, wuta ta tashi tare da ita, su tsaya a sama tare na ɗan lokaci kamar sun san juna, sannan kowa ya koma gidansa.

Babu guɗa, babu tafi, sai turmi da hucin wuta. Bernice ta daina jin ƙafafunta. Ta ga kamar katangar ta yi sirara har tana hango shi, ba tsohon nan mai tari ba, saurayi baƙi siriri da hular relwe, yana dariya a cikin zobe. Ta ga 'yan matan Madakiya sun kewaye turmin suna jira ta gaji. Tartsatsi yana sauka a hankali a kan ɗankwalinta, a kan accar, a kan jinkar ɗakin girki, ba ta ko waiwaya ba.

Sai bakan ya fara jinkiri. Ta lura wutar tana makara, tana isowa bayan tafin. Hannunsa ya gaji, kuma tsumman bai cinye ba. In ta tsaya yanzu, wutar tana bayan wuyansa. Abu ɗaya ya rage, ta ƙara masa faɗin ƙofa. Ta tattara abin da ya saura a jikinta ta cilla taɓaryar sama, sama da yadda ta taɓa yi tun tana budurwa. Kafaɗar ta yi ƙara. Ta tafa sau ɗaya, ta jira, ta jira, wutar ta taho a hankali ta wuce. Ta cafe. Azaba ta ratsa ta har haƙori, hawaye ya zubo, ta sake bugawa. Ɗaya, biyu, uku.

Sau goma ta yi wannan cillin. Ta ƙirga. A na tara wutar da ta ɓullo ta zama ja mai duhu, a na goma hayaƙi ne kawai ya zana bakan. Ta saki taɓarya, ta zauna a ƙasa ta jingina da katanga. Sai a lokacin unguwa ta ɓarke da guɗa.

Cikin hayaniyar ta ji wani ya jingina ta ɗaya gefen, daidai bayanta, yana numfashi da ƙyar.

"Maman Hellen."

"Ina ji."

"Kin gani?"

"Rabi na gani."

"Ni ma rabin kiɗan nake ji duk shekarun nan. Katangan yana cinye sauran." Ya yi tari. "Yau kin buɗe ƙofa kamar na loko. Ko jirgi zai wuce."

"Ka biya ni accata da ta ƙone," ta ce, tana share ido da bakin zane.

Bai ƙara fitowa tsakar gida ba. Kwana uku yana kwance, Regina tana kansa, 'yan zumunta suna shiga suna yi masa waƙa. Bernice ta shiga sau biyu da hannu a rataye cikin ɗankwali, ta kai masa kunun acca, ya sha cokali biyu ya ce gishirin faɗanta ya yi yawa a ciki. Ran na huɗu da hantsi, jirgin Jos yana busa a tasha, ta ji kukan Regina ya tsallako katanga. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta zauna a kan turmi, ta yi kuka irin wanda ba ta yi zaton za ta yi wa mutumin nan ba.

Bayan an yi jana'iza, Regina ta shigo da ƙunshi a tsohuwar jarida.

"Baba ya ce a ba ki. Ya ce kuɗin acca."

Sarƙoƙin ne, baƙi ƙirin, bakinsu da sauran toka. Bernice ta ce ita me za ta yi da ƙarfe mai wari, ta sa Emilia ta kafa ƙusa a katanga ta rataye su, nesa da ɗakin girki.

Sai da aka shiga watan biyu kafaɗar ta saki. Wata safiya Emilia ta fito da ƙwaryar acca, ta tarar surukarta ta riga ta tsayawa a gaban turmi.

"Mama, kawo mana. Hannunki bai gama warkewa ba."

"Zuba kawai."

Gari bai gama wayewa ba, dutsen Kagoro yana can shuɗi-shuɗi. Gidan bayan katanga shiru, Regina ta koma bakin aiki, an sayar da awakin. Bernice ta buga ɗaya, ƙasa ta amsa. Biyu. Uku. Dukan ya bi ta ƙasa ya hau katanga, sarƙoƙin suka motsa a jikin ƙusa. Ta cilla taɓaryar, ta tafa, kuma kafin ta dawo hannunta, sarƙa ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta ta yi 'yar ƙara.